Waɗanda suka taɓa buga golf a filayen bakin teku na Sikotlan, ku zo mu ji

Baban Ummi, Kaduna: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Insha Allahu zan je bikin kammala karatun ɗiyata a Dundee cikin watan Yuni, kuma an ce daga nan zuwa St Andrews tafiyar kusan rabin awa ce a mota. A Kaduna na koyi golf, na kuma ɗan taɓa a Abuja, amma ban taɓa taka irin filayen nan na bakin teku da suke kira links ba. Wanda ya taɓa bugawa ya faɗa min abin da ya gani da idonsa, ba na talla ba.

Injiniya na Aberdeen: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya sanya albarka a karatun 'yar tamu. Abin da za ka fara sani shi ne ƙasar wurin. Links tudun rairayi ne tsakanin teku da gonaki, ƙasa ce da ba ta nomuwa, a da tumaki da zomaye ke kiwo a kai. Ruwa ba ya kwanciya, ciyawar gajera ce, ƙasar da tauri, bishiya kuwa sai ka wuni ba ka ga ko ɗaya ba. Don haka babu abin da zai tare maka iska.

Ni a Cruden Bay na fi bugawa, arewa da Aberdeen. Ramin da na isa da sandar ƙarfe mai lamba 9 da safe, da la'asar sai da na zaro mai lamba 4 da ta fi cilla ƙwallo nesa, kuma ƙwallon bai kai ba. Ba ƙarfina ne ya ragu ba, iska ce ta juya. Dattawan garin, wasu sun haura saba'in, ba sa ɗaga ƙwallo sama ko kaɗan. Su buga shi ƙasa-ƙasa ya sauka yadi talatin kafin dandalin ramin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, ya gangara da kansa. Baƙon da ya saba cilla shi sama ya faɗo dab da tuta shi ke wuni cikin ƙaya yana nema.

A nan ne nake ganin kai ka fi baƙi da yawa sa'a. Wanda ya koyi wasa a arewa da rani, ƙasa ta bushe ƙwallo na gudu, ya riga ya san dabarar gangarawa. Kada ka bar ta a gida.

Hajiya Mai Fota: Injiniya ya faɗi gaskiya, amma bai yi maganar ƙayar ba sosai. Wata irin ƙaya ce mai furen rawaya, tana yin duhu har ta fi tsawon mutum. In ƙwallo ya shiga, yi masa addu'a ka ajiye wani. Ka zo da ƙwallaye da yawa, na arha. Sannan rigar ruwa da wando na ruwa, ko da ka tashi ka ga rana ƙwal. Lema ba ta da amfani, iska za ta kifar da ita.

Ɗan Fagge: Ranka ya daɗe, ni na buga Old Course ɗin kansa, wato tsohon filin St Andrews, bari in yi bayani dalla-dalla don nan ne mutane ke ruɗewa.

Filin ba na wani attajiri ba ne. Ƙasar jama'a ce, hukumar St Andrews Links Trust ke kula da ita, kuma kowa na iya bugawa in ya cika sharaɗi. Sharaɗin shi ne takardar handikaf, wato makin da ke nuna matakin ƙwarewarka, da ba ta wuce 36 ba, saboda haka ka karɓo taka daga kulob ɗinku kafin ka taso. Akwai ƙuri'a da ake shiga kwana biyu kafin ranar wasa, mutum biyu zuwa huɗu. Mai zuwa shi kaɗai yana da tasa ƙuri'ar daban, sai a haɗa shi da wasu. Kuɗin a lokacin bazararsu ya haura fam 300, ban da na mai ɗaukar jaka da ɗan alherin da ake ba shi. Da ƙafa ake zagayawa, ba a ba da motar fili sai ga mai lalura da shaidar likita.

Ramin farko ya ba ni mamaki. Faɗinsa da na 18 a haɗe suke, fili fetal, amma ga ginin R&A, tsohon kulob ɗin golf na garin, a bayanka, ga 'yan yawon buɗe ido sun jingina da shinge suna kallo, sai ka ji hannu na rawa. Daga nan kuma sai abin ya zama ɓoye-ɓoye. Kwarmin yashi 112 ne a filin, da yawansu ba ka ganin su daga inda kake tsaye. Ba irin shimfiɗaɗɗun nan ba ne, ƙanana ne masu zurfi, bangonsu a miƙe, an jera shi da yankan ciyawa. Na rami na 14 sunansa ma Hell, wato Jahannama. In ka faɗa ɗaya, fito ta gefe ko ta baya, babu kunya. Tiger Woods da ya ci gasar Open a nan a 2000, ramuka 72 ya buga bai shiga ko ɗaya ba, sai da na ga wurin na san girman wannan aiki.

Dandali bakwai ramuka biyu-biyu ne ke tarayya a kansu, kuma lambobin in ka haɗa 18 suke bayarwa: 2 da 16, 3 da 15, haka har 8 da 10. Ka lura da tuta, fara ta tafiya ce, ja ta dawowa. Girman dandalin kan sa ka tsaya yadi arba'in daga rami da fota, sandar gangara ƙwallo cikin rami, a hannu.

Rami na 17 kuwa, mai ɗaukar jakata ya nuna min kusurwar ginin otal ya ce ta samansa zan buga. Na ɗauka wasa yake. Haka ake yi. A bayan dandalin ga titi ga katangar dutse, kuma duk cikin wasa ne. Shawarata ɗaya: ɗauki mai jaka, ka bi abin da ya ce, ko da Turancinsu na can sai ka ce ya maimaita.

Baban Ummi, Kaduna: Madalla, ƙanena. To in ƙuri'ar ba ta faɗo kaina ba fa?

Malam na Edinburgh: Sai ka gode wa Allah ka riƙe kuɗinka, Alhaji. Ni ra'ayina ya ɗan saɓa da na Ɗan Fagge. Old Course tarihi ake saya a wurin. A can aka rage ramuka daga 22 zuwa 18 a 1764, duniya ta bi. Amma in daɗin wasa kake so, New Course na gefensa, wanda aka buɗe a 1895, ƙasa ɗaya ce, iska ɗaya, kuɗin bai kai ba, shiga ma ta fi sauƙi. Ranar Lahadi kuma yawanci ba a wasa a Old Course, mutanen gari ke yawo da 'ya'yansu da karnukansu. Ka je da iyali ku ɗauki hoto a kan gadar Swilcan kyauta.

Wanda ya fi zauna min a rai North Berwick ne, jirgin ƙasa daga Edinburgh kamar rabin awa. A rami na 13 wata tsohuwar katangar dutse ce ta gitta gaban dandalin, sai ka tsallake ta. Ba su rushe ta ba don ta riga filin zuwa. In ƙwallo ya sauka bakin teku, ka gangara ka bugo shi daga kan rairayi.

Ɗan Fagge: Malam, ka dai faɗi haka ne don kai kullum kana kusa. Mutum ya taso daga Kaduna ya tsaya a bakin shinge? Ya shiga ƙuri'a tukuna.

Likitan Inverness: Ku bar gardama. Alhaji, in da lokaci ka hauro arewa. Na buga a Brora tumaki na kiwo a tsakiyar fili, an kewaye kowane dandali da siririyar wayar lantarki, sai ka ɗaga ƙafa ka tsallaka. Filin Royal Dornoch ma na nan kusa.

Abu biyu da ba wanda ya ambata. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, za ka iya farawa ƙarfe biyar na yamma ka gama da haske, amma ka duba jadawalin salla na masallacin Dundee don lokutan za su rikita ka. Na biyu, a ɗakin kulob da yawa ana cire hular wasa, kuma wasu ba sa karɓar wandon jins. Abinci kuwa ka tsaya kan kifi da dankali ko miyar kifi. Baƙin tsiren nan da ke cikin karin kumallonsu da jini ake yin sa.

Hajiya Mai Fota: Kuma kada ka bar Hajiya da Ummi a mota. Kusa da Old Course akwai filin fota zalla mai tudu da gangare, Himalayas, na ƙungiyar matan garin da aka kafa tun 1867. Kuɗi kaɗan ne, a nan za a ba su sanda da ƙwallo.

Baban Ummi, Kaduna: Allah Ya saka da alheri gaba ɗaya. Takardar handikaf gobe zan je kulob in nema. Injiniya, in kana gari a makon, mu shiga ƙuri'ar tare tunda mutum biyu ake so.

Injiniya na Aberdeen: Ba matsala, Alhaji. Turo min ranakun. In ba mu samu ba sai mu nufi filin Carnoustie, ta ɓangaren Dundee yake, ka ga rafin Barry Burn inda Jean van de Velde ya tuɓe takalmi ya shiga ruwa a gasar Open ta 1999, Paul Lawrie ya tafi da kofin.