Ozon a azuzuwan yara: me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a, wata Hajiya mai makarantar renon yara a wajen Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, ta turo tambaya. An kawo mata tallar na'urar da ke sakin wata iska mai suna ozon don kashe ƙwayoyin cuta a aji, tana so ta rubuta wa iyaye da masu shara sanarwa da Hausa. Wane suna za ta ba abin?

Oksijin da muke shaƙa ƙwayoyin zarra (ƙananan ƙwayoyin da suka haɗa kowane abu) biyu ne a haɗe, ozon kuwa uku. Ta ukun ba ta da zama, ɓallewa take ta ci duk abin da ta taɓa, ƙwayar cuta ce ko wari. Da tartsatsin lantarki na'urar ke haɗa shi, yadda walƙiya ke yi a sama. Wani Bajamushe masanin kimiyya, Schönbein, shi ne ya raɗa wa ozon suna wajen 1840, daga kalmar Girkanci mai nufin jin wari. Tun 1906 birnin Nice na Faransa ke tace ruwan sha da shi.

Wani malamin kimiyya daga Daura ya kawo “iskar walƙiya”. Allah gafarta Malam, sunan ya yi daɗin baki, kuma zai zauna a darasin aji. Sai dai mai shara ba za ta ji wani kashedi a cikinsa ba.

“Tsabtatacciyar iska” kuwa, wadda 'yan talla za su so, ban yarda da ita ba sam. Abin da ke kashe ƙwayar cuta shi ne ke cin huhu: tari, ƙaiƙayin maƙogwaro, tashin asma, yara kuma su suka fi jin jiki. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa adadin da ba ya cutar da mutum bai isa ya kashe ƙwayoyin cuta yadda ya kamata ba. Ke nan in dai na'urar za ta yi aiki, dole ɗakin ya zama babu kowa. Har roba yana cinyewa a hankali, a lura da kayan wasan yara.

Wata baiwar Allah ta ce “turaren lantarki”. Yaya, ai mu turare muna ciki ake yi mana shi, har a rufe ƙofa kada ya fita. Ranar da uwar aji ta kunna wannan turaren yara na barci fa?

Ni dai ga inda na tsaya. Iskar mu bar ta da sunanta, ozon, kamar yadda muka karɓi oksijin. Aikin kuma “feshin ozon”. Na san babu ruwan da ake fesawa, masana za su yi ƙorafi, amma duk Bakatsine ya san in an ce an yi feshi, fita ake, sai ɗaki ya sha iska a dawo.

Hajiya, a jikin ƙofa ki sa: “Ana feshin ozon, kada kowa ya shiga.” A yi shi bayan an tashi, a buɗe tagogi kafin yara su zo. Sabulu da ruwa da goge benci kuma suna nan daram, don ozon ba ya ratsa datti.