Ina son karanta injiniyan noma amma Turanci na ja na baya, ku ba ni shawara

Ɗan Fadama:
Salam yan uwa. Ni ɗan aji shida ne a sakandare, ƙauyenmu na wajen Auyo, burina in karanci injiniyan noma a BUK (Jami'ar Bayero, Kano) saboda tun ina yaro nake ganin yadda kacala ke toshe hanyar ruwa, wani gonarsa ta nutse wani kuma ko ɗigo bai samu ba, ga injin ban ruwa in ya lalace sai an jira bakanike daga Hadeja. Lissafi da Fiziks Alhamdulillah, yan ajinmu ma wurina suke zuwa. Matsalata Turanci ne, ina gane tambaya in an fassara min amma in na karanta da kaina sai kaina ya ɗaure, kuma wlh ban taɓa zama gaban kwamfuta ba. Baba kuma so yake in yi NCE in kama koyarwa kusa da gida. Ya zan yi?

Yayan BUK:
Ƙanina kar ka tsorata da kwamfutar nan, ita ce mafi sauƙi a cikin matsalolinka. Jarabawar JAMB ba rubutu ake ba, A B C D kawai za ka danna, N ta kai ka gaba P ta dawo da kai baya. Ka samu ranar kasuwa ka shiga Hadeja ka biya a shagon kwamfuta ka gwada, kuma ka yi rajistar ta gwajin da suke yi kafin babbar. Turancin ne abin ji, tambaya 60 ne shi kaɗai, Lissafi, Fiziks da Kemistiri 40-40, duka 180 cikin awa biyu. Wanda yake karatu a hankali lokaci ke cinye shi ko da ya san amsa. Ka gyara NIN ɗinka tun yanzu, ba a rajista sai da ita.

Malam Mai Alli:
Ɗana, abin da nake gani wurin yaranmu na ƙauye ba ƙwaƙwalwa ce babu ba, kunya ce, yaro ya gwammace ya yi shiru da ya yi kuskure a yi masa dariya. Kullum bayan Asuba ka ɗauki shafi ɗaya na tsofaffin tambayoyin WAEC ka karanta DA ƘARFI, kalmar da ta gagare ka ka rubuta a bayan littafi ka tare malaminku da ita. In babu kiredit a Turanci da Lissafi cikin kiredit biyar da ake nema, ko maki 300 ka ci a JAMB ba inda za ka.

Kuma Kemistiri fa? Ba ka ambace shi ba, na san ba mantuwa ka yi ba.

Yar Ringim:
Ni dai ina ganin kar a raina maganar Baba, shi ya san aljihunsa, zaman Kano kuɗin makaranta da abinci da mota ba wasa ba ne. Akwai Binyaminu Usman Poly nan Hadeja kusa da ku, ka yi difloma ka shiga jami'a ta DE, wato kai tsaye aji biyu, da yawa haka suka bi.

Yayan BUK:
Haka ne Yaya amma ya fara gwada jami'ar tukun, ya sa Poly a zaɓi na gaba, ai fom ɗaya ne.

Ɗan Fadama:
Na gode Allah ya saka. Malam ka kama ni, Kemistirin ma ina da rauni a cikinsa, zangon da ya wuce ba mu da malami. Maganar Baba zan sa kawuna ya same shi bayan an yanke shinkafa, yanzu ba ya sauraron kowa.