Wa ya taɓa tsintar katantanwar teku a cikin dutse?

Daga Wamakko: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kawuna mahaƙin rijiya ne. Jiya ya kawo min wani farin dutse da ya ciro daga gaba takwas, da ƙwanson katantanwa manne a ciki, ko zanen bayansa bai goge ba. Ya ce tun yana saurayi yake fasa irinsu, bai taɓa samun mai yi masa bayani ba. Akwai wanda ya san abin?

Daga Sakkwato: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kawunka ƙasan teku ya taka. Ilimin duwatsu na karanta, kuma mun bi hanyar Wurno zuwa Goronyo da guduma a hannu. Hawa-hawa ake karanta ƙasar, daga ƙasa zuwa sama, kowane hawa da sunan wani gari ake kiransa. Yashin Taloka bakin ruwa ne. A kansa baƙar lakar Dukamaje take, a nan teku ya shigo, kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce. Da hannuna na ciro haƙorin kifin shak a cikinta, baƙi wuluk, sai da jikina ya yi sanyi. A lakar nan aka samo ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa, aka raɗa masa Goronyosaurus saboda Goronyo. Sai yashin Wurno, ruwa ya ja baya. Lakar Dange, ya dawo. Farin dutsen Kalambaina, wanda ake siminti da shi, sai a ruwa mai ɗumi, marar zurfi, garai-garai yake taruwa. Shi kawunka ya faso, ya kai shekara miliyan 55 zuwa 60.

Daga Malbaza, Nijar: Mu ma da shi ake yin siminti a nan. Muna yara mukan cika aljihu da katantanwar cikinsa, muna dara. Ashe teku ɗaya ne ya haɗa mu.

Daga Bajoga: Namu na wajen Ashaka a nannaɗe suke kamar ƙahon rago, akwai wanda ya kai faifai. Babana da shi yake tokare ƙofa. Malaminmu ya ce sun girmi na Sakkwato, sun haura shekara miliyan 90.

Daga Sakkwato: Gaskiya ne. Amma don Allah, ɗan'uwa na Wamakko, a roƙi kawu ya riƙa faɗin gabar da ya samu kowane dutse. In aka raba shi da mazauninsa, rabin labarin ya tafi.

Daga Wamakko: Na isar. Ya ce ƙarƙashin farin akwai laka mai ƙyalli kamar fasasshen gilashi, gobe zai ɗebo min.