Tsakanin sikirin da injin bugu: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu dizain da masu bugu. Ina so mu haɗa abin da kowa ya gani da idonsa wajen shirya fayil kafin a kai maɗaba'a, don tambayar da sababbin shiga ke turo min kullum ɗaya ce, wai me ya sa abin da ya fito a takarda bai yi kama da na kwamfuta ba. Ni da kala zan fara. Wani kwastoma ya kawo tambarin kamfaninsa shuɗi mai ƙyalli kamar zai tsole ido, aka buga fulaya sai ya fito yana ɗaukar shunayya, mutumin ya tada jijiyar wuya wai an canza masa kala. Babu wanda ya canza komai. Sikirin da haske yake aiki, ja da kore da shuɗi, shi ne RGB, inji kuma tawada huɗu yake zubawa, CMYK, wato C shuɗi mai haske, M ja mai ɗaukar hoda, Y rawaya, K baƙi, kowace ana auna ta daga 0 zuwa 100, kuma akwai kalar da haske ke iyawa tawada ba ta iyawa, musamman shuɗi mai ƙarfi da kore mai ƙyalli. Yanzu in zan haɗa shuɗi ina sa C 100, M kuma ba na barin sa ya wuce 70, don da zarar M ya matso kusa da C to shunayya ce za ta fito. Bismillah, wa zai ɗora?

Afaretan inji:
Wa'alaikumussalam malam. Mu da ke tsaye gaban inji abin da ya fi ba mu ciwon kai baƙi ne, ba shuɗi ba. Mutum zai rubuta ƙananan rubutu, adireshi da lambar waya, da baƙin da aka juyo daga RGB, shi a idonsa baƙi ne kawai amma in ka duba cikinsa akwai C akwai M akwai Y akwai K, wato harafi ɗaya sai ya hau faranti huɗu, don a inji kowace tawada da farantin da ke ɗaukar ta. To takarda tana ɗan motsi a cikin inji, ko da kaurin gashi ne faranti ɗaya ya kauce za ka ga rubutun da inuwar ja ko shuɗi a gefe kamar idonka ne ke gizo, sai a ce afareta bai iya aiki ba. Ƙaramin rubutu K 100 kaɗai ake sa masa, sauran ukun sifili. Babban fili kuwa, kamar bangon kati baƙi gaba ɗaya, K kaɗai yana fitowa kamar toka-toka, shi ake ƙara wa ɗan C da M da Y ya yi baƙi ƙirin, amma da hankali. Na taɓa karɓar fayil da aka cika duka huɗun 100, jimla 400 ke nan, takarda ta jiƙe sharkaf, ta ƙi bushewa, kowane shafi ya manna baƙinsa a bayan na samansa. A takarda mai santsi jimlar tawada kar ta wuce wajen 300, a marar santsi kuma ƙasa da haka don ta fi sha. Ku tambaye mu kafin ku haɗa don Allah, ba kuɗi muke karɓa a kan tambaya ba.

Mai injin yanka:
Ni kuma bilid. A4 milimita 210 ne da 297, in hoto ko kala za ta kai har bakin takarda to fayil ya zo 216 da 303, wato ƙarin milimita 3 kowane gefe wanda wuƙa za ta cinye. Tari guda nake yankawa ba ɗaiɗai ba, dole wani ya ɗan goce, in babu bilid farin layi ne zai fito a gefe. Kuma ku janye rubutu daga baki kamar milimita 3 zuwa 5, na sha yanke lambar ƙarshe ta waya ba da son raina ba. Masu son siririn firem zagaye da kati kuwa Allah ya shirye ku, in ya goce kaɗan kowa sai ya gani.

Sabuwar shiga:
Yaya don Allah in hoton da aka ba ni ƙarami ne, na shiga Photoshop na mayar da shi 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ai shi ke nan ko? Kuma ni da Canva nake aiki yawanci.

Mai buɗe zance:
A'a ƙanwata, lambar kawai kika canza, hoton na nan yadda yake, kwamfuta ce ta cike gibin da ƙiyasi sai ya fito dishi-dishi. Abin dubawa shi ne fiksel, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoton, nawa ne a girman da za a buga. Hoton da zai cika A4 a 300 dpi yana son wajen 2480 da 3508. Kuma ki hana kwastoma turo hoto ta WhatsApp kai tsaye, matse shi yake yi, ki ce ya turo a matsayin dokumen ko ta imel. Tambari kuma ki nemi asalin fayil ɗinsa na bekta, wato wanda aka zana da layuka ba da fiksel ba, shi ko gini za a lulluɓe da shi ba ya fashewa. A Canva in za ki sauke ki zaɓi PDF na bugu, ki kunna alamun yanka da bilid.

Mai manyan alluna:
Gaskiya ne amma kar a ɗauki 300 ɗin nan kamar farilla a ko'ina. Ni allon talla nake bugawa, daga nesa ake kallonsa, 100 zuwa 150 ya wadatar, na bakin titi ma ƙasa da haka. Wani sai ya haɗa mita shida a 300 dpi fayil ya yi nauyin da kwamfutarsa ma ta kasa buɗewa. Sannan batun barin RGB a haɗa komai a CMYK ban yarda da malam ɗari bisa ɗari ba, injina tawadarsa ta fi huɗu, in ka juya hoto CMYK tun a gida ka zubar da kalar da zan iya fitar maka. Ni ka bar min hotunan a RGB, manhajar injin ta juya da kanta.

Afaretan inji:
To ka gani, shi ya sa na ce a tambaya. Ni PDF/X-1a nake so, komai CMYK, an daddale duk wani abu mai shara-shara, wato wanda ake hango na ƙasansa ta cikinsa. Wasu wuraren PDF/X-4 suke so, shi yana barin RGB da shara-sharan yadda suke. Duka daidai ne, kowa da injinsa.

Mai haɗa littafi:
Ba wanda ya taɓo fon, wato salon haruffa, bari in taɓa don mu masu rubutun Hausa ya fi shafa. Fon da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, a kwamfutarka manhaja za ta aro su daga wani fon a ɓoye ba ka lura ba, a kai wata kwamfutar a buɗe sai ka ga akwati-akwati ko alamar tambaya a wurinsu. Na ga bangon littafi da aka riga aka buga, kalmar ƙasa ta koma akwati da asa, kuma babu yadda za a yi sai sake faranti. Bango da fosta ina mayar da rubutunsu zane, a CorelDRAW Ctrl+Q ne, a Illustrator Ctrl+Shift+O, amma ka fara ajiye kwafin da ba a mayar ba don bayan nan ko waƙafi ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Cikin littafi kuwa ba na yi masa haka, PDF ɗin ne ke ɗauke da fon a cikinsa, sai in buɗe in duba jerin. Wani abu kuma, ƙaramin littafi mai ɗinkin waya a tsakiya shafukansa sai sun rabu huɗu-huɗu, in ka kawo 18 to ko ka rage biyu ko mu ƙara maka biyu farare, kuma ka turo shafi ɗaiɗai a jere, jera su a faranti aikinmu ne.

Mai buɗe zance:
Madalla. Akwai wanda ya taɓa ganin farin rubutu ya ɓace gaba ɗaya?

Afaretan inji:
Sosai ma. Obafirin ne aka bari a kunne, wato saitin da ke sa tawada ta hau kan wata ba tare da an cire ta ƙasan ba. Rubutun da baƙi ne an sa masa ya hau kan kalar da ke ƙasa, daga baya aka mayar da shi fari ba a cire saitin ba, kuma fari a wurinmu ba tawada ba ce, takarda ce aka bari, to in ka ce babu ya hau kan kala me za a gani? A sikirin yana nan ras, a takarda ko alamarsa. A Acrobat, manhajar buɗe PDF, akwai inda ake duba faranti ɗaya bayan ɗaya, ku kashe K ku ga ko ƙananan rubutu sun ɓace duka, in wani ya rage to kala huɗu ne. A nan ma za ku kama Pantone, wato kala ta musamman mai tawadarta daban, da ya maƙale a cikin tambari yana neman faranti na biyar alhali aikin kala huɗu aka yi ciniki.

Sabuwar shiga:
Na gode sosai, yanzu na duba katin da zan tura gobe, lambar wayar kala huɗu ce wallahi. Samfurin da suke bugowa kafin a sa hannu fa, in na gani a waya ya isa?

Mai injin yanka:
Na waya don duba kuskuren rubutu ne kawai. Kala kuwa ki ce a buga miki ɗaya a kan takardar da za a yi aikin da ita, ki fita da shi hasken rana ki duba, kwastoma ma ya gani ya sa hannu a jiki kafin a tada inji.