Ina zanen fuska da biro amma kamanni ba ya fitowa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Tudun Wadan Zariya nake. Wata uku ke nan ina koyon zana fuskar mutum da biro cikin minti biyar. Jiya na zana kakana yana zaune a zaure, da na miƙa masa sai ya ce, "Wane ne wannan?" Abin ya taɓa ni sosai. Da fensir ina iyawa don ina gogewa, biro kuwa in ya kauce ya zauna. Ku taimaka mini.

Malamin zane, Samaru: Wa alaikumus salam ɗana. Ina jin daga ido kake farawa. Bar wannan. Fara da siffar kan gaba ɗaya, da yadda hula ta zauna, da karkatar wuya. Mu ma daga nesa muke gane dattijo tun ba mu ga idonsa ba. Sannan ka lura, idanu kusan a tsakiyar kai suke, masu koyo kan kai su can goshi. In layi ya kauce kada ka danne shi da tawada, ja na daidai a gefensa ka wuce. Inuwa kuwa, jera ƙananan layuka, inda kake son duhu ka gitta wasu a kansu.

Wata 'yar uwa, Kongo: Ƙanena, nemi zanen Uche Okeke ka duba. Yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zaria Art Society a 1958 tare da su Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, kuma da alƙalami da tawada ya yi fice. Layi kaɗan yake ja, fuska ta tashi.

Wani daga Ƙofar Doka: Gwada alƙalamin gamba da tawadar allo. Layinsa yana kauri yana siranta, biro ba ya ba ka haka. Sai dai ka kiyaye takardar daga ruwa.

Wani daga Sabon Gari: In wurin gwada zane kake nema, teburin mai shayi ya fi, mutane na zaune. Amma ka nemi izini tukuna, don ba kowa ke yarda a zana shi ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, gaskiya daga ido nake farawa. Kaka ya yarda zai sake zama mini gobe bayan la'asar, daga hularsa zan fara.