Ina son zama likitar tiyatar gyaran jiki: wace hanya ake bi, kuma akwai aikin a yankinmu?

Ɗalibar Argungu ta rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina aji biyar a karatun likitanci, zuciyata kuma ta karkata ga tiyatar gyaran jiki. Bayan kammala digiri wace hanya ake bi, shekara nawa take ci? A gida an ce aikin bai wuce zuƙe kitse da ƙara wa mata mazaunai irin na Legas ba, wai babu abin da zan yi da shi a Kebbi, wasu ma sun ce haramun ne. Ina neman bayani daga waɗanda suka san abin.

Likitan Fiɗa, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam 'yata. Bayan shekara 6 ta digiri akwai shekarar hausjob, wato aikin koyo a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci, sai cikakken lasisi daga MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, sai hidimar ƙasa. Daga nan ki zauna jarrabawar share fage, wadda ake kira firamare, ta ɗaya daga kwalejojin ƙwarewar likitoci biyu: ta ƙasa, NPMCN, ko ta likitocin fiɗa na Afirka ta Yamma, WACS. Jarrabawar a kan tushen ilimi take, musamman sanin sassan jiki, kada ki yar da littafin anatomi. Da ita ake neman gurbin horo a asibitin da kwalejin ta amince da shi. Shekara 2 zuwa 3 na farko za ki zaga sassan fiɗa: ciki, ƙashi, yara, mafitsara, sashen gaggawa. In kin ci jarrabawar mataki na ɗaya, sai kimanin shekara 3 a gyaran jiki zalla, da littafin lissafin ayyukan da kika yi da hannunki, da kundin bincike. Mai cin mataki na biyu shi ke samun shaidar ƙwarewa, FWACS ko FMCS. Wajen shekara 14 ke nan daga ranar shiga jami'a, in yajin aiki da jiran gurbi ba su ƙara ba, kuma sukan ƙara.

Sunan fannin ma yana ruɗa mutane. Filastik ɗin da ke cikin sunansa na Turanci, plastic surgery, ba roba ba ce, kalmar Girkanci ce mai ma'anar mulmula abu a ba shi siffa, kamar yadda mai ginin tukwane ke yi da yumɓu. A Indiya, Sushruta ya bayyana yadda ake sake gina hancin da aka yanke tun kafin haihuwar Annabi Isa, kuma Harold Gillies ya kafa fannin na zamani a Ingila ne a kan fuskokin sojojin da harsashi ya ɓata a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Abin da za ki shafe shekarun nan kina koyo shi ne jini: wace jijiya ke ciyar da wane yanki na fata. In ƙasan ciwo jan nama ne mai jini, ana iya dashen fata. A feƙe siririyar fata daga cinya, a huhhuda ta don ruwa ya sami hanyar fita, a shimfiɗa a ɗaure. Kwana 2 na farko tana tsotsar ruwan ciwon ne kawai, sai wajen kwana 5 jijiyoyi suka kama ta, shi ya sa ba a gaggawar kwance ɗaurin. Abu uku ke kashe dashe: jini ya taru a ƙarƙashinsa, ya goga ya zame, ko mugunya ta shiga. Cinyar da aka feƙe takan warke da kanta cikin mako 2. Amma in ƙashi ne tsirara ko jijiyar motsi, dashe ba ya kamawa. Dole a juyo fata da namanta da jijiyar jininta a haɗe. Hanci misali: a yanko fatar goshi a bar gindinta a maƙale tsakanin gira, a juyo ta ƙasa a ɗinka, bayan mako 3 ta sami jini daga sabon wurin sai a raba gindin. In ta yi shuɗi ta kumbura a daren farko, jini na shiga ba ya fita, a sassauta ɗinki nan take, in aka jira safiya an rasa ta.

Maganar babu aiki a nan kuwa, je ki Sakkwato ki leƙa asibitin yara masu ciwon noma da aka buɗe a 1999. Wannan ciwon, da mutanenmu ke kira ciwon iska, yana farawa daga dasashin yaro mai tamowa ɗan shekara 2 zuwa 6, sau da yawa bayan ƙyanda, cikin 'yan kwanaki ya huda kunci. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci suna tsayar da shi in an zo da wuri, in ba a yi magani ba kusan 9 cikin 10 suna rasuwa. Wanda ya tsira yakan rasa leɓe ko hanci, muƙamuƙi ya kulle har cokali ba ya shiga, kuma gyaransa aiki ne hawa-hawa bayan tabo ya nuna. Yaran Kebbi da Zamfara suna cikin waɗanda ake kaiwa can. Sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Malamar Jinya, Gusau:

Likita ya ba ki na ɗakin tiyata, ga na ɗakin kwanciya, ƙanwata. Mafi yawan gadajen wannan sashe masu ƙuna ne ke kansu, musamman da hunturu: jin ɗumi, ruwan zafi, fetur da aka ajiye a ɗaki, mai farfaɗiya da ya faɗa murhu. Za ki haddace lissafin ƙarin ruwa: mililita 4 sau nauyin mutum sau kason jikin da ya ƙone. Mai kilo 60 da kashi 30 na jikinsa ya ƙone, mililita 7,200 ke nan cikin awa 24, rabinsa a awa 8 na farko. Kuskuren sabon likita shi ne ƙirga awa 8 ɗin daga isowa asibiti, alhali daga lokacin ƙunar ake ƙirgawa. Wanda aka ɗauko daga Anka ko Maru ya riga ya ci rabin lokacin a hanya. Fitsari ne ma'auni, babba mai wannan nauyi ya riƙa ba da kamar mililita 30 a awa.

Abin da ke kawo mana aiki biyu shi ne ɗanyen ƙwai da man goge baki da baƙin mai da ake shafawa a gida. Ruwa mai sanyi na minti 20 kawai ake so, ba ƙanƙara ba. Sannan gaɓa: in an bar majiyyaci ya kwanta yadda ya fi masa daɗi, hannu a naɗe, haɓa a ƙirji, haka tabon zai ɗame. Dole a miƙe gaɓar da filasta tun farko, a riƙa motsa ta ko yana kuka.

Jariri mai tsagaggen leɓe kuma ana ɗinke masa ne a wajen wata 3, in ya kai kilo 4.5 kuma awon ƙarfin jininsa (himoglobin) ya kai 10. Tsagaggiyar ganda kuwa ana ɗinke ta kafin ya fara magana, kimanin shekara 1. Ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin wannan aiki kyauta a asibitoci da dama a Najeriya.

Wani Likita, Zuru:

Kada dai a sa yarinyar nan ta raina ɓangaren kwalliya. Shi ma fiɗa ce, har ya fi tsauri ta wata fuska, don lafiyayyen mutum ne ya kwanta maki a teburi, ba ki da uzurin cewa ciwo ne ya ci shi.

Zuƙe kitse: ana fara cika wurin da ruwan gishiri, kowace lita da miligiram 1 na adirenalin don tsuke jijiyoyin jini, da lidoken don kashe zafi. Lidoken yana da iyaka, abin da aka saba shi ne miligiram 35 ga kowane kilo, kuma ƙarfinsa a jini yakan kai ƙololuwa awanni da yawa bayan an gama. Wadda aka sallama da yamma tana iya fara jin ɗimuwa da jijjiga cikin dare a masauki. Zuƙar da ta wuce lita 5 babban aiki ne, sai an kwantar an sa ido. Bakin bututun in ya karkata ƙasa yana iya huda hanji, alamar kuma sai ta yi kwana ɗaya ko biyu ta bayyana. Ba maganin ƙiba ba ne kuma.

Ƙarin mazaunai da ake yi da kitsen jikin mutumin kansa shi ne mafi haɗari. Akwai manyan jijiyoyin jini cikin tsokar wurin da ƙarƙashinta. In bututu ya shiga tsoka ya yage ɗaya, kitse ya bi jini zuwa huhu, mutum na iya cikawa a kan teburi. Ƙa'ida yanzu ita ce a zuba a ƙarƙashin fata kaɗai, ba a taɓa tsoka. Ruwan silikon da wasu ke ɗirka wa mata da allura a ɗakunan kwalliya kuwa ba aikin likita ba ne. Yana yawo cikin nama ya dunƙule, cire shi sai an haɗa da naman.

Fatarmu ma tana da nata hali. Tabon nan mai tudu da ke wuce iyakar ciwo, keloyid, ya yi yawa a baƙar fata, bayan hujin kunne ko tsagar wanzami. Wanda ya yanke shi kawai ya ɗinke, sai ya dawo ya fi da. Ana haɗawa da allurar tirayamsinolon, wani maganin sitiroyid mai lafar da tabo, cikin tabon duk mako 4 zuwa 6, da matse wurin. Ki kuma tambayi kowace mace ko tana shafa man bilicin, don masu sitiroyid a ciki suna sirantar da fata har zare ya riƙa yaga ta. Mai shan sigari ya bari mako 4 kafin aiki. Mai son ɗame ciki alhali ba ta gama haihuwa ba, ta jira. Mai ganin muni a fuskar da kowa ke gani lafiya lau, likitan ƙwaƙwalwa take buƙata, in kin yi mata aikin ma ba za ta gamsu ba.

Kwas ɗin mako 2 a ƙasar waje ba ya mai da mai digirin farko likitan wannan fanni. Ƙwararrun suna da ƙungiyarsu, NAPRAS.

Malam na Jega:

'Yar uwa, kan hukunci, malamai sun raba tsakanin gusar da aibi da canza halitta don neman ƙarin kyau. Hujjar halaccin na farko ita ce hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito. Gyaran ƙuna da ciwon noma da tsagaggen leɓe da sake gina mama bayan ciwon daji duk suna nan. Rage mama da nauyinsa ke sa ciwon baya ma magani ne. Ƙarin mazaunai ga mai lafiya shi ne aka hana. Matanmu da yawa suna ɓoye ƙunar ƙirji da cinya don kunyar likita namiji, ki faɗa wa mutanen gida wannan.

Ɗalibar Argungu:

Allah ya saka da alheri. Baba Likita, a ina ya fi dacewa in nemi horon?

Likitan Fiɗa, Birnin Kebbi:

Asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Inugu da Igbobi a Legas sun daɗe a fannin, akwai asibitin koyarwa na Ibadan, a Arewa kuma ki duba asibitin koyarwa na Shika ta Zariya. Kafin ki cike takarda ki tambayi kwalejin ko amincewarta da sashen tana nan, cikakkiya ce ko ta wani ɓangare, don mai ta wani ɓangare sai ya tura ki wani asibitin ki ƙarasa. Ki tambayi ƙananan likitocin wurin aiki nawa suke yi da hannunsu a wata. Kafin nan ki sayi almakashin riƙe allura da zare mai lamba 4/0, ki riƙa ɗinka fatar ƙafar kaza har bakin yanka biyu su riƙa haɗuwa daidai ba tare da kin ja zaren da ƙarfi ba.