Kuɗin makarantar marayu ya tafi a kayan Kirsimeti, ya zan yi?

Jama'a, ina neman shawararku. Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Kagoro a kudancin Kaduna, amma aiki ya zaunar da ni a Kano. Shekara 3 ke nan mu shida muke haɗa kuɗi duk Disamba don biya wa marayu biyu na garinmu kuɗin makaranta.

Kun san Kirsimetin ƙauye. Ko ana fama da babu, sai yaro ya sa sabon kaya ranar 25, a dafa shinkafa da miya, mai hali ya yanka akuya, yara su bi gida-gida suna barka da Kirsimeti. Kafin a numfasa kuma ga bikin Afan ranar 1 ga Janairu. To bara na damƙa wa kakarsu kuɗin tun kafin biki, sai ta ɗinka musu kaya, ta sayi takalma, ragowar ya shiga tukunya. Da aka koma makaranta aka koro yaran. Gaskiya na kasa ganin laifinta. Wace kaka ce za ta zuba ido jikokinta na yawo da tsumma a cikin sa'o'insu?

Da na ce bana zan biya makarantar kai tsaye, Kaka ta ce na mai da ita marar amana, har gaisuwata da ƙyar take amsawa. Biyu daga cikinmu kuma sun ce in babu rasit sun janye.

Babbar tana ajin ƙarshe na sakandare, ga kuɗin WAEC na tafe. In bi ta hannun Zumuntar Mata ta cocinmu ne, ko in ware wa Kaka kuɗin biki daban? Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya kuka ɓullo wa lamarin?